Daga gonakin Nok zuwa zauren gwanjo: yadda kasuwar kayan tarihi ke tafiya da abin da doka ta ce

A ranar 16 ga Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani dutse a birnin New York a kan dala miliyan 5.3. Nauyinsa bai cika kilo 25 ba. Abin da ya ba shi daraja shi ne masana sun tabbatar daga duniyar Mars ya ɓallo, kuma ba a taɓa samun dutsen Mars mai girmansa a doron ƙasa ba. A yankin Agadas aka tsince shi cikin watan Nuwamban 2023. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar, daga baya ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu, kamfanin kuwa ya ce an bi ƙa'ida wajen fitar da shi. Kafin wannan da 'yan makonni, ranar 28 ga Yuni, dokar Tarayyar Turai kan shigar da kayan tarihi ta fara aiki gadan-gadan. A cikin watan ne kuma ƙasar Holan ta dawo wa Najeriya da kayan tagullar Binin guda 119.

Labaran sun zo a jere, sai suka rikita mutane. In Turawa sun fara dawo da kaya, me ya sa ake ci gaba da sayar da wasu a bainar jama'a? Sayen halas ne a doka ko sata ce aka sa wa riga? Ga mutanen Jihar Kaduna tambayar ta gida ce, domin ɗaya daga cikin kayan Afirka da wannan kasuwa ta fi nema, wato mutum-mutumin yumɓu na Nok, daga ƙasarsu ake tono shi.

Yadda gwanjon yake

Tsarin bai yi nisa da gwanjon motocin kwastan da aka sani ba: a fito da kaya, masu so su yi ta taya, wanda ya fi kowa a sallama masa. Bambancin yana cikin abin da ke kewaye da tayin. Manyan kamfanonin, irin su Sotheby's da Christie's, dukansu a Landan aka kafa su tun ƙarni na 18, kuma dillalai ne, galibi kayan ba nasu ba ne. Kafin ranar gwanjo sukan buga kundi mai hoton kowane kaya da bayaninsa da ƙiyasin farashi. Akwai kuma wani farashi na ɓoye da mai kaya ya gindaya, wanda in tayi bai kai shi ba sai a janye kayan. Idan mai gwanjo ya buga guduma, ciniki ya faɗa, amma mai saye zai ƙara la'adar kamfani a kai, wadda kan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Dutsen Agadas a dala miliyan 4.3 guduma ta sauka, la'ada da sauran caji suka kai shi 5.3. Sunan mai saye da na mai sayarwa kuwa sau da yawa ba a bayyana su.

Abin da ya fi komai nauyi a kundin shi ne tarihin mallaka: jerin hannuwan da kayan ya bi, daga wane zuwa wane, a wace shekara, da rasit ko hoto ko takardar izinin fitarwa da ke tabbatar da hakan. Kaya biyu masu kama ɗaya na iya bambanta a farashi nesa ba kusa ba saboda ɗaya yana da takarda, ɗaya babu. Shi ya sa ake ƙirƙirar takardun jabu kamar yadda ake ƙirƙirar kayan jabu.

Wani lamari da ya faru a Faransa ya nuna yadda sani ke sauya farashi. Wasu tsofaffin ma'aurata sun sayar wa mai sayen tsofaffin kaya wani abin rufe fuska na katako na ƙabilar Fang ta Gabon a kan Yuro 150. A watan Maris na 2022 aka yi gwanjonsa a kan Yuro miliyan 4.2. Suka kai ƙara, gwamnatin Gabon ma ta shigo tana neman kayan. A Disambar 2023 kotu ta ba mai sayen gaskiya, ta kuma yi watsi da buƙatar Gabon.

Kaya iri uku, hukunci iri uku

Yawancin ruɗanin yana zuwa ne daga cakuɗa abubuwan da ba ɗaya ba.

Akwai kayan da aka kwasa da ƙarfin bindiga lokacin mulkin mallaka. Na Binin su ne misali: sojojin Ingila sun kwashe su daga fadar Oba a 1897. An san ranar, an san wurin, an san masu kwasar. Saboda haka neman dawo da su ya fi sauƙin kafa hujja, ko da yake ba dokar duniya ce ke tilasta mayarwar ba, matsin lamba ne da sulhu. Jamus ta sa hannu a 2022 ta miƙa mallakar fiye da guda 1,100. Babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan yana riƙe da kimanin 900, yana kafa hujja da dokarsa ta 1963 da ta hana shi rabuwa da kayan da ke hannunsa.

Akwai kayan da ake tonowa daga ƙasa a ɓoye a fitar da su ta ɓarauniyar hanya. Nan Nok ta faɗo, tare da mutum-mutumin yumɓu na yankunan Sakkwato da Katsina. Ba a san ranar da aka tono su ba, ba a san ramin ba, babu rajistar da ke nuna sun taɓa zama a Najeriya.

Sai na uku, abubuwan da ba hannun mutum ya yi su ba: ƙasusuwan halittun dā da suka zama dutse, da duwatsun da ke faɗowa daga sama. Farashinsu ya yi tashin gwauron zabi a 'yan shekarun nan. A 2020 an sayar da kwarangwal ɗin wata ƙatuwar dabbar dainoso a kan dala miliyan 31.8, a 2024 aka sayar da wani a kan miliyan 44.6. Duka biyun a Amurka aka haƙo su, inda doka ta ce abin da aka samu a filin mutum nasa ne. A Mongoliya kuwa na ƙasa ne, shi ya sa da aka yi gwanjon wani kwarangwal ɗinta a New York a 2012 sai hukumomin Amurka suka ƙwace shi aka mayar mata. Yankinmu ma yana da irin wannan arziki: hamadar Gadufawa a Nijar ta yi suna a duniya wajen ƙasusuwan dainoso, kuma akwai wata dabbar ruwa ta dā da masana suka raɗa wa suna daga garin Goronyo na Sakkwato, inda aka samu ƙasusuwanta a yankin.

Nok: daga ramin kuza zuwa Paris

A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta yau. Ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Wajajen 1943 aka sake samun wani kai a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye da dabbobi, kafin ya kai hannun wani jami'in Bature mai ilimin tono tarihi, Bernard Fagg. Shi ya lura cewa kawunan biyu aikin al'umma ɗaya ne, ya sa musu sunan ƙauyen. Gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952 a kan wannan aiki ya ginu.

Binciken da ya fi zurfi shi ne na Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, wanda ya fara a 2005 kuma ya yi sansani a Janjala cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko. Ya nuna al'ummar ta fara tun kusan shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta soma yin mutum-mutumin wajajen shekara 900 kafin haihuwarsa, ta noma gero, ta kuma narka ƙarfe. Wani nazari da aka wallafa a 2021 ya gano ragowar kakin zuma a jikin tangaran tukwanensu, shaida mafi tsufa ta ɗiban zuma a Afirka ta Yamma.

Wannan batu na zuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan asarar take. Fasasshiyar tukunya ba ta da farashi a gwanjo. Mai tonon ɓoye kai yake nema, mai idanu da kitso, sauran sai ya watsar: gawayi, tangaran, dutsen niƙa, ƙwayar hatsin da ta ƙone. Alhali daga gawayin ake auna shekaru, daga hatsin ake sanin abincinsu, daga yadda abubuwa suka kwanta a ƙasa ake gane ko wurin kabari ne ko gida ko wurin wani biki. Da an birkita ramin, shi ke nan. Ko an dawo da kan daga Turai bayan shekara talatin, abin da zai iya faɗa game da masu shi kaɗan ne. Masu binciken na Jamus sun ce fiye da kashi 90 cikin 100 na wuraren Nok da suka sani a yankin aikinsu an riga an tone su. Har yau ba a kai ga matsaya ɗaya kan abin da ake yi da mutum-mutumin ba, kuma wannan ɓarna na cikin dalilan.

Tonon ya yi ƙamari a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da naira ta faɗi kuma 'yan kasuwar Turai suka buɗe baki. Kayan kan bi ta Kwatano da Lome zuwa Brussels da Paris. Rashin tsaro na baya-bayan nan ya ƙara dagula lamarin: a Fabrairun 2017 aka sace Breunig da wani abokin aikinsa a yankin Janjala, aka kashe mutum biyu na yankin da suka bi sawu don ceto su. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma aikin tono na ilimi a dajin ya tsaya cik.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Tun 1953 akwai dokar kayan tarihi. Wadda ake aiki da ita yanzu ita ce doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Ma'anar da ta ba kayan tarihi tana da faɗi fiye da yadda ake zato. Ban da abin da aka tono, ta haɗa da duk wani aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, kamar makami, sulke, ganga, ƙofa, kayan sarauta da rubutun hannu, sannan da abin da ke da muhimmancin tarihi wanda aka taɓa amfani da shi a bikin gargajiya.

Dokar ta hana tono ba da izini ba. Ta ce wanda ya ci karo da wani abu ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukumarsa cikin kwana 7. Ta hana saye ko sayarwa sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, ta hana fitarwa waje sai da takardar izini. Hukuncin cinikin haram shi ne tarar naira 2,000 ko ninki biyar na darajar kayan, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin shekara uku. A 1979 naira 2,000 dukiya ce, yau kuwa ba ta kai komai ba, wannan shi ne raunin dokar na farko. Rauni na biyu kuma, dokar ta ambaci ƙasusuwan mutanen dā da na dabbobin da aka samu tare da su, abin da ya bar ƙasusuwan halittun da suka riga ɗan Adam ba tare da kariya bayyananniya a cikinta ba.

Me ya sa dokar ba ta tsallaka teku

Kotun wata ƙasa ba ta aiki da dokar Najeriya sai in akwai yarjejeniya. Babbar yarjejeniyar ita ce ta 1970 ta UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Najeriya ta shiga a 1972. Ba ta waiwayen abin da ya wuce, kuma ƙasashen da kasuwar take sun yi jinkirin shiga: Amurka a 1983, Faransa a 1997, Birtaniya a 2002, Jamus a 2007, Beljiyam a 2009. Wato a shekarun da aka fi kwasar Nok, yawancin ƙofofin a buɗe suke. Daga nan ne 1970 ta zama mizani a kasuwa: kayan da aka nuna ya bar ƙasarsa kafin shekarar ana ɗaukarsa tsarkakakke.

Ga Nok wannan mizani yana da wani tasiri na daban. Kafin 1970 waɗanda aka sani kaɗan ne, kuma galibinsu suna gidajen tarihin Najeriya. Saboda haka mutum-mutumin Nok na gaske da ke hannun 'yan kasuwa a waje da wuya ya zama ya fita ta hanyar halas. Majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa shi cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya a 2000.

A shekarar ce kuma abin kunya ya fito a Paris. An baje mutum-mutumin Nok biyu da na Sakkwato ɗaya a gidan tarihin Louvre, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga wani ɗan kasuwa a Beljiyam. Shugaba Jacques Chirac ya nemi amincewar Shugaba Obasanjo da kansa. Bayan suka daga masana, aka daidaita a 2002: Faransa ta amince kayan na Najeriya ne, Najeriya ta ba ta aronsu na shekara 25 da za a iya sabuntawa.

Sabbin ƙa'idoji sun fara juya nauyin hujja. Najeriya da Amurka sun sa hannu kan yarjejeniya a Janairun 2022 da ta taƙaita shigar da kayan tarihin Najeriya can. Dokar Turai da ta kankama a Yunin 2025 ta ce kayan da aka tono mai fiye da shekara 250 ba zai shiga ba sai da lasisi, kuma mai shigowa da shi ne zai nuna ya fita daga ƙasarsa bisa doka. Wasu nau'o'in masu fiye da shekara 200 da darajarsu ta kai Yuro 18,000 suna buƙatar sanarwa a rubuce. Sai dai dokar ta shafi abin da zai shiga ne daga waje. Wanda ya riga ya shiga tun shekarun baya yana nan yana zagayawa.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu tara kaya da kamfanonin gwanjo suna cewa ciniki a fili ya fi na ɓoye, domin kundin da suke bugawa ne ke ba ƙasashe damar ganin kayansu su yi magana. Suna cewa da yawa daga abin da attajirai suka saya a gidajen tarihi yake ƙarewa, kamar kwarangwal ɗin 2024 da mai shi ya ba wani gidan tarihi na New York aro. Suna kuma tuna cewa an sha yin sata a gidajen tarihin Najeriya kansu a shekarun 1980 da 1990, wanda gaskiya ne.

Masana tono tarihi da na ƙasusuwa suna amsawa da cewa kowane babban farashi da aka sanar talla ne ga masu tono, kuma jami'o'i ba sa iya gasa da attajirai. Abin da ke hannun mutum ɗaya yana iya rufe shi gobe, binciken da aka yi a kansa ba mai iya maimaitawa. Kan batun Nok hujjarsu ta fi ƙarfi, saboda dalilin da ya gabata. Kan kayan sassaƙa da aka saya hannu da hannu shekaru aru-aru, lamarin ya fi sarƙaƙiya. A Yunin 2020 Christie's ta sayar da gumakan katako biyu na ƙasar Ibo a Paris kan Yuro 212,500, duk da ƙorafin Farfesa Chika Okeke-Agulu, masanin tarihin fasaha ɗan Najeriya, da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya cewa lokacin yaƙin basasa aka fitar da su. Kamfanin ya ce bai ga shaidar hakan ba.

A cikin gida ma ba baki ɗaya ba ne. A 2023 gwamnatin Buhari ta ayyana cewa kayan Binin da aka dawo da su na Oba ne. Nok ba ta da fada irin wannan, kuma ba a tabbatar da wace al'umma ta yau ce zuriyarta kai tsaye ba, ko da yake al'ummar Ham da ke zaune a wurin suna ɗaukarta abin alfaharinsu. Akwai kuma masu ganin abin duka gumaka ne da bai kamata a kashe kuɗi a kansu ba, da masu cewa adana su don ilimi daban, bauta daban, suna kafa hujja da umarnin yin tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance.

Abin da ya shafi mutanen Kaduna

Mai tono shi ne ya fi kowa ɗaukar kasada, shi ne kuma ya fi kowa samun kaɗan. Ramin na iya ruftawa da shi, doka a kansa take fara sauka, gonar kuma ta lalace. Farashin yana hauhawa ne bayan kayan ya tsallake iyaka ya samu takarda da sunan wani shahararren mai tarawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da sabuwar dokar Turai, mai yiwuwa kayan da ba shi da takarda ya ƙara faɗuwa a hannun farko, ko kuma fataken su karkata zuwa kasuwannin da ba su da irin wannan shinge da cinikin intanet.

Mai sha'awar saye a gida yana fuskantar haɗari biyu. In kayan na gaske ne, sayensa laifi ne. In kuma ba na gaske ba ne, kuɗinsa ya tafi, kuma jabun Nok ya cika kasuwa. Akwai gwajin da ake yi a gano lokacin da aka gasa yumɓu, amma masu jabu sun iya harhaɗa tsofaffin gutsattsari da danƙo su fitar da sabon mutum-mutumi, yadda in an ɗebi samfur daga wani gefe zai nuna shekara dubu biyu. Sai an ɗauki hoton cikinsa da na'ura irin ta asibiti ake ganin ɗinkin.

Gidajen malamai da na sarauta a Zariya da sauran tsofaffin garuruwa abin ya shafe su ta wata fuska. Alƙur'ani rubutun hannu, takardun ajami, takobi, sirdi da tsohuwar riga, in sun girmi 1918, suna ƙarƙashin dokar, kuma irinsu na fitowa a gwanjon ƙasashen waje. Magada na iya riƙe abinsu, amma sayar wa baƙo ko fita da shi ba izini saɓa doka ne. Wanda ke tsoron gara ko gobara yana iya tuntuɓar Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda ke adana rubuce-rubucen hannu. Ɗaukar hoton kayan da rubuta tarihinsa shi ne hujjar da za ta yi amfani in an sace shi. Masu sassaƙa da ƙira na zamani kuma, waɗanda ke sayar wa baƙi sababbin kaya, sukan buƙaci takardar hukumar da ke nuna kayan ba na tarihi ba ne, don kada a tsare mai saye a filin jirgi.

Manomin da garmarsa ta tono wani abu, abin da doka ta nema gare shi shi ne ya bar wurin yadda yake ya kai rahoto. Gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC, shi ne ofishin hukumar a Kaduna. Matsalar ita ce dillali yana zuwa har gona da kuɗi a hannu, hukuma kuwa ba ta da isassun ma'aikata da motocin da za su riga shi isa, kuma tarar 1979 ba a sabunta ta ba. Aron shekara 25 da aka ba Faransa a 2002 zai cika a 2027, lokacin da gwamnatin tarayya za ta zaɓi ko ta sabunta shi ko ta nemi a dawo da kayan uku gida.